Rariyar Injiniya Uwaisu

A duk unguwarmu ta Kilomita Biyar da ke birnin Bangi babu wanda ya naɗa wa Uwaisu sarautar Injiniya sai bakinsa. Ya taɓa zama a Duwala yana gadin wani sito da ake ajiye daskararren kifi, yana kwana a kan kwali jikin bangon ɗakin sanyi. Shi ke nan. Tun da ya dawo Bangi yake ganin duk wani sanyi da ke duniya a hannunsa aka yaye shi. Ni Siddiƙ tela, shagona yana kallon na matarsa, kuma na sha labarin Duwala har ya gundure ni. Ya taɓa gyara wa Haris mai shayi firji, yanzu a ciki Haris yake ajiye takalman sallarsa.

Matarsa Zulaihat ita ce mai sana'ar gaske a gidan. Gyaran amare take yi, dilka da lalle da turaren wuta, kuma hannunta yana da kyau, wannan ko maƙiyinta zai faɗa. Sarƙar aurenta ta sayar ta sayi na'urar sanyaya ɗaki ta hannu, wadda mu a nan muke kira kilim, saboda baƙin lalle ba ya son gumi. In amarya ta jiƙe, zanen ya zube, sunan mai lalle ya zube tare da shi.

To sai ga dama ta zo mata har gida. Hajiya Iyatu, mai manyan shagunan atamfa a kasuwa, ta aiko cewa za ta kawo 'yarta Fiddausi lallen biki ranar Alhamis. Hajiya Iyatu kuwa in ta yaba wuri, duk amaren unguwannin Kokoro da Yakite nan za su yi layi. In ta taɓe baki, mai wurin ta fara neman wata sana'a. Zulaihat ta san haka, mu ma mun sani.

Ana saura kaɗan kilim ya ƙi. Yana ta gurnani, yana fitar da iska mai ɗumi, ruwa yana ɗiga daga bakinsa a kan kujerar amare. Zulaihat ta kira wani mai gyara a Yakite, ta sa wayar a fili saboda hannunta duk dilka.

"Madam, kina ƙona turare a ɗakin?" in ji mai gyaran.

"Kullum."

"To filtir ne ya toshe. Wata 'yar rariya ce da ke tace iska. Cirewa za a yi a wanke, a shanya, a mayar. Ina nan tafe da yamma."

Rashin sa'a, Uwaisu yana bakin ƙofa yana sakace. Ya fizge wayar.

"Kai wane ne? To ka yi zamanka. Ina raye wani ƙato zai shigo shagon iyalina ya hau kujera? A gidan nan akwai injiniya."

"Baban Luƙman, don Allah ka bar shi ya zo," in ji Zulaihat. "Ka tuna firjin Haris."

"Firjin Haris da ciwonsa ya zo. Ke kin san girman na'urar da na kula da ita a Duwala? Wannan shagon naki gaba ɗaya zai shige cikin fankarta."

"Gadi ka yi mata."

"To wa ya fi mai gadi sanin abu?"

Ya kashe wayar, ya naɗe hannun riga. Ni dai na ɗage ƙafa daga keke, don na san yau akwai kallo.

Matsalar farko, Injiniya bai san inda rariyar take ba. Ya tsaya a gaban kilim ya yi masa kallon raini, ya ƙwanƙwasa shi, ya kara kunne. Sannan ya yanke hukunci cewa Bature ba zai sa abin datti a cikin ɗaki ba, lallai rariya tana cikin akwatin da ke waje. Ya ari tsanin Haris, ya cika bokiti da ruwa da omo, ya zaga bayan shago.

A gindin bangon nan Maman Hanifa take shanya garin rogonta, gozo, a kan leda. Tsohuwa ce 'yar nan ƙasar, yaren Sango ya fi mata sauƙi, amma in faɗa ya tashi Hausarta tana isarta.

"Uwaisu, gozona yana ƙasa fa."

"Mama, aikin injiniya ba ya ɗiga."

Ya hau. Ya kwance murfin akwatin, ya leƙa, ya ce lallai ga rariya nan, alhali ƙarafan jikin injin yake gani. Ya ɗaga bokiti ya sheƙa. Baƙin ruwa mai haɗe da jar ƙasar titi ya gangaro bango ya sauka tsakiyar gozo. Kafin Maman Hanifa ta gama salati, Injiniya ya kai jiƙaƙƙen hannu kan wayar lantarki, don bai ga dalilin kashe wuta ba. Wutar ta gaishe shi. Ya yi wata ƙara da ban taɓa jin namiji ya yi ba, ya saki tsani, ya faɗo zaune daɓas cikin ragowar garin da bai jiƙe ba.

Da ya miƙe, fari fat tun daga gemu har idon sawu. Yaran layi suka watse da gudu, masu acaba suka tsaya suna tafi.

"Nzapa!" Maman Hanifa ta ɗora hannu a ka tana kiran Allah. "Abincin jikokina ka zauna a kai, mutumin banza!"

"Gwaji na yi," in ji shi yana furzar da gari. "Yanzu na tabbatar wuta tana shiga. Ai ta nan ake farawa."

"Mu ma mun tabbatar," in ji Haris. "Har Kokoro an ji tabbacin."

Zulaihat ce ta biya gozo, da haƙuri da durƙuso. Shi kuwa ya fito daga wannan faɗuwa da ilimi guda ɗaya tak, ya riƙe shi kam: ruwa ba zai sake kusantar kilim ba har abada.

Washegari ya koma ciki. Ya hau kujerar amare da takalmi, ya kwance duk wata ƙusa da idonsa ya gani, ya zuba su a aljihu mai huji. Ya ciro wata 'yar roba ya ce ita ce, Zulaihat ta ce wannan abin da yake juya iska ne. Ya mayar a karkace. Ya zura kai ƙarƙashin na'urar yana leƙe, ƙuda ya sauka masa a hanci, ya zabura, ƙeyarsa ta bugi murfin gaba. Murfin ya ɗage da kansa. Ashe ko ƙusa ɗaya ba ta riƙe da shi.

Ga rariya nan guda biyu, sun yi baƙi ƙirin, hayaƙin turare da ƙura sun yi musu kauri kamar bargo.

"Kin gani?" ya ce yana shafa ƙulun da ya fito masa. "Da kai ake buɗewa. Sirrin sana'a ne, ba kowa ake nuna wa ba."

"Alhamdu lillahi. Miƙo su in wanke. Mutumin ya ce ruwa da sabulu kawai."

"Ruwa? Ke ba ki ga abin da ruwa ya yi jiya ba?"

"Jiya a kan waya ka zuba. Wannan roba ce, a hannuna zan wanke a baho."

"Maman Luƙman, ki tsaya a kan lallenki. Hayaƙi ne ya kama ta, zafi ne zai sake shi. Kawo kasko."

Na rantse da na ji wannan sai da na taso na tsallaka titi.

"Uwaisu, roba ce fa," na ce.

"Malam Siddiƙ, na taɓa zuwa na koya maka sa aljihu?"

Na koma shagona. Ya ɗora rariyar farko a kan garwashin kaskon turare. Ta yi ɗan hayaƙi, ta lanƙwashe, ta narke ta ɗiga cikin wuta. Mai hankali da ya tsaya a nan. Injiniya ya ce waccan dama ta tsufa, ya ɗora ta biyun nesa kaɗan. Ita ta ɗan fi jimawa kafin ta bi 'yar'uwarta.

Zulaihat ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da mayafi. Tausayinta ya kama ni ƙwarai, don gobe Alhamis. Ta sake kiran mai gyaran Yakite, ya ce shi ya tafi aiki bayan gari, kuma ko yana nan ba zai zo gidan da aka kira shi ƙato ba. Uwaisu ya zaga kasuwa yana tambaya, kowa ya ce irin wannan sai an aiko daga Duwala. Ya dawo yana zagin 'yan kasuwar Bangi da rashin wayewa.

"A kunna shi haka ba rariya," in ji Zulaihat. "Na yini ɗaya ne."

"Iskar da ba a tace ba za ki hura wa 'yar Hajiya Iyatu? Ki bar ni. Zan ƙera wadda ta fi ta Bature."

Da safiyar Alhamis ya nufi wurin Idi mai injin niƙa, a bakin kasuwa. Abin da ya faru a can Idi ne ya ba ni labari. Ya ce Uwaisu ya tsaya yana kallon ƙyallen da yake tankaɗe da shi, wani farin yadi mai laushi da ya riga ya koma ja.

"Idi, wannan ƙyallen yana tare tsakuwa?"

"Har ƙaiƙayi."

"Abin da ya tace gari ai zai tace iska. Ara mini."

"Ɗauka. Amma ka wanke shi sosai, Injiniya. Da shi nake tankaɗe wa masu gashin nama barkono."

"Ka ji ka. Kowa ruwa, kowa ruwa. Ku mutanen nan ba ku san lantarki ba."

Ya kaɗa ƙyallen sau biyu a bakin titi, ya juya shi ciki ya koma waje, ya ce ya tsarkaka. A shago ya raba shi biyu da almakashina, wanda ya ɗauka bai tambaya ba. Ya ɗauko kwalbar humrar Zulaihat mafi tsada ya yayyafa masa har ƙamshi ya danne komai, don a wurinsa humra ba ruwa ba ce. Ya maƙale ƙyallen da filoli, ya rufe murfi. Zulaihat tana can tana kwaɓa lalle, ba ta ga inda yadin ya fito ba.

"Mu gwada," ta ce.

"Aikin ɗan koyo ake gwadawa."

Ko da ta so ta nace, babu wutar gari, ga motar Hajiya Iyatu ta tsaya a ƙofa. Hajiya ta fito cikin farin leshi, bayanta amarya Fiddausi da ƙawaye da gwaggonni, masu guɗa na guɗa. Ta tsaya ta dubi shagon sama da ƙasa.

"'Yar nan, an ce mini kina da sanyi."

"Yanzu za a ta da gurup, Hajiya."

Gurup shi ne janareta, kuma Injiniya ne ya ce shi zai tayar. Ya ja igiya, ya ja, ya ja. Ya kwance wani abu ya hura, ya mayar. Ya zagi man, ya zagi wanda ya sayar da man. A ciki mata suna ta fifita, Zulaihat tana zane da hannu ɗaya tana share wa amarya gumi da ɗayan. Duk da haka ta yi aikin da ban taɓa ganin irinsa ba. Na gani da aka buɗe ƙofa shan iska: furanni tun daga yatsu har gwiwar hannu, ƙafafu har ƙwauri. Ƙawayen ma duk an yi musu. Kowacce ta zauna ta miƙe hannu da ƙafa, ba dama ta taɓa ko mayafinta sai lalle ya bushe.

A daidai nan Haris ya wuce ya buɗe famfon man da Injiniya ya manta a rufe. Gurup ya tashi.

Aka rufe ƙofa, aka rufe taga, aka ja labule. Kilim ya buɗe baki. Ai kuwa sanyi ya zo, haɗe da ƙamshin humra. Ta cikin gilashi na ji muryar Hajiya.

"Masha Allah. Har da ƙamshi yake hurawa?"

Uwaisu ya tsallako shagona, ya zauna a kan bencina ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Malam Siddiƙ, ka ji? Ko a Duwala babu mai wannan fasahar. Gobe manyan otal za su aiko. Ka fara tunanin irin rigar aikin da za ka ɗinka wa yarana."

Bai rufe baki ba aka yi atishawa a ciki. Ƙarama, ta amarya. Sai wata ta amsa. Sai gwaggo ta saki tata kamar an fasa taya. Humra ta bushe, abin da ke ƙarƙashinta ya farka.

"Wayyo idona!"

"Ndongo! Ndongo!" wata ƙawa ta kurma ihu da Sango. "Barkono ne, wallahi barkono!"

"Kar ku taɓa fuska!" Zulaihat tana ihu tana tari. "Don girman Allah kar ku taɓa!"

Wa zai ji? Mutum ido yana ci masa da wuta, hanci yana zuba, a ce ya zauna ya miƙe hannu? Ƙofar ma ta ƙi buɗuwa da wuri, don duk wadda ta kama mariƙin sai hannunta ya zame da lalle. Da ta buɗu, sai mata suka zubo titi tamkar an kwance buhu. Wasu ba takalmi, wasu ba ɗankwali, kowacce tana murza ido da ɗanyen baƙin lalle. Suka afka wa tulun Haris, suka ƙare ruwan shayinsa. Masu acaba suka toshe hanya, 'yan kasuwa suka baro shaguna, har masu dawowa daga Masallacin Kuduku suka tsaya da tasbaha a hannu.

Amarya ce ta fito ƙarshe, riƙe da uwarta. Tafin hannu biyu sun kwanta mata a fuska sak, yatsa biyar a kowane kunci, zobe baƙi a kowane ido. Farin leshin Hajiya kuwa duk inda 'yar ta kama ya bar shaida. Wanda ya san baƙin lalle ya san ba ya jin sabulu. In ya kama fata sai ya ga dama yake tafiya, ɗaurin aure kuwa gobe bayan Juma'a.

Sai ga Injiniya ya ratsa taro yana ɗaga hannu.

"Jama'a, a kwantar da hankali! Rashin sabo ne. Tatacciyar iska ce, huhunku bai saba da ita ba. Ku duba ku gani."

Ya shiga shagon da ƙirji a gaba, ya tsaya daidai bakin kilim, ya ja numfashi mai tsawo don kowa ya shaida. Ya fito da rarrafe. Hawaye, majina, gemu duk ya jiƙe, yana laluben hanya har ya rungumi Maman Hanifa, ta ture shi cikin kwata.

Idi mai inji yana cikin 'yan kallo. Ya toshe hanci ya leƙa, ya ga jan ƙyalle yana leƙowa ta gefen murfi.

"La ilaha illallahu! Ƙyallen barkonona ne! Uwaisu, ban ce ka wanke ba?"

Sai dariya ta ɓarke tun daga wannan kusurwa har waccan. Haris ya riƙe ciki ya zauna a ƙasa. Uwaisu ya ɗago daga kwata da ido ɗaya a buɗe.

"Ku yi dariyarku. Amma ku faɗi tsakani da Allah, sanyi ya zo ko bai zo ba?"

Hajiya Iyatu ba ta ko dube shi ba. Ta yafa wa 'yarta mayafi a fuska, ta sa ta a mota, sannan ta juyo wurin Zulaihat da ke durƙushe a bakin ƙofa. Ba ta ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi zagi ciwo.

"Tashi, 'yar nan. Hannunki yana da kyau, na gani. Amma wadda za ta bar wannan ya hau mata kujera, ba zan ba ta ko akuyata ta yi wa lalle ba."

Mota ta tafi. Kafin la'asar gidaje uku da suka kama rana suka aiko cewa sun fasa. Washegari aka kai Fiddausi gidan miji fuska a lulluɓe, babu hoto, babu buɗar kai, kuma duk matan da suka je bikin sun dawo da sunan shagon a bakinsu.

Ranar Asabar da hantsi na ga Zulaihat ta fito da kujera. Ta hau, ta kwance allon da ke saman ƙofa, wanda aka rubuta sunanta da zanen hannu mai lalle. Idonta ya kumbura, kuma wannan karon ba barkono ba ne. Ta sauko ta jingina shi a bango, ta tsaya tana kallonsa. Ni kaina na kasa taka keke.

Sai ga Uwaisu ya fito yana sakace. Ya zaga allon, ya ƙwanƙwasa shi, ya juya bayansa ya shafa.

"Katako mai kyau ne," ya ce. "Maman Luƙman, tunda kin gama da shi, ki ba ni mana. Bayan nan fes yake. A rubuta Injiniya Uwaisu, gyaran kilim da gurup. Yanzu fa duk Bangi an san sunana."

Zulaihat ta dube shi ta daɗe. Sannan ta sunkuya ta ɗauki allon da hannu biyu.

"Matso, Baban Luƙman," ta ce a hankali. "Matso in ba ka."

Ya matso yana murmushi, har da cire hula.

A duk maganganun da ya yi a makon nan, wannan kaɗai ce ta zama gaskiya. Katakon mai kyau ne, don sau uku ta ba shi, bai ko tsage ba.